Ranar da Muka Kai Tsoho Gaban Baffa

Taubashina tela ne, kuma a Magariya ta wancan zamani babu wanda ya kai shi faya-fayan garmaho. Na tsaya a Magariya ne don kada a ce na cika baki. In don ta ni ne, har Damagaram babu, Yamai ma sai an bi gida-gida. Uwarsa ƙanwar mahaifina ce, saboda haka tun muna ƙanana nake da izinin tsokanarsa, shi ma yake da izinin ramawa, kuma ba mu taɓa barin izinin nan ya yi tsatsa ba. Ni a lokacin allurar shanu nake yi. An ba ni ɗan babur mobilet da akwatin magani, ina zaga Bande da Guci da rugagen da ke tsakani, in dawo gari bayan la'asar ina warin garke, in zarce shagonsa tun kafin in leƙa gidana.

Shekarun nan ne da ruwa ya dawo bayan fari, mutane suka fara tuna cewa akwai wani abu a duniya ban da hatsi. Wani ya sayi rediyo, wani keke. Taubashina ya sayi garmaho mai aiki da pil, wato batir, a hannun wani direban kamiyo, babbar motar kaya. An ce hannu na biyu ne, ni dai na ga alamar hannaye sun fi na masu cin tuwon suna. Malaman lakwal, makarantar boko ke nan, suna da wani dogon suna na Faransanci da suke kiransa da shi, mu garmaho muka sani.

Abin da ya raba shi da sauran samari shi ne ba ya son faifan da kowa ke da shi. In ya tafi Kano sayen zare da allura, sai ya dawo da rabin zaren da kuma ɗaurin tsofaffin faya-fayai da ya tono a wurin masu kayan gwangwan: waɗanda gara ta cinye musu kwali, ruwa ya wanke musu rubutu, ba a san ƙasarsu ba balle sunan mai waƙar. Ya saka direbobin da ke zuwa bakin teku su nemo masa. Ya saka alhazan da suka biyo ta Sudan. Har kukun wani Bature mai haƙa rijiyoyi ya saka, cewa in maigidansa zai koma gida, abin da duk ya zubar mai rami a tsakiya a kawo masa.

To kuma da yake tela ne, ba ya iya ganin abu tsirara. Kowane faifai sai ya ɗinka masa riga da ƙyallayen da suka rage, kuma ba ya ɗinkawa sai ya saurari halinsa. Masu gitar Kwango, waɗanda ke sa ƙafar gurgu ta motsa, atamfa yake sa musu. Matan Indiya masu murya kamar an ja zaren siliki, leshi. Akwai wasu Turawa da suka taru wajen mutum ɗari kowa da gogensa, su yi ta hawa da sauka ba wanda ya ce uffan, waɗannan kaki ya ɗinka musu, ya ce aikin gwamnati ne. Akwai baƙaƙen Amirka masu ihu kamar an taka musu ƙaya amma in ka tashi tafiya ƙafarka ta ƙi. Akwai mutanen Kuba da ƙahonninsu. Akwai wani mai tsinka tsirkiya ɗaya-ɗaya, mun yanke hukunci daga ƙasar Sin yake, tsakanin tsinke da tsinke kana iya zuwa ka yi alwala ka dawo ba ka rasa kome ba.

A gefen garmahon akwai wani ɗan ƙarfe da ake turawa, shi ke sa faifai ya juya a hankali ko da sauri. Lambobin da ke jikinsa sun goge tun kafin ya zo hannunmu. Mazauni biyu na farko suna aiki, na ƙarshen kuwa ya cije, direban da ya sayar ya ce kada a kuskura a matsa masa, karyewa zai yi. Saboda haka in sabon faifai ya zo, sai taubashina ya auna shi yadda yake auna mai ɗinki: ya gwada shi a nan, ya gwada shi a can, ya karkatar da kai, ya ce, “Wannan ya fi zauna masa.” Shi ke nan, an yanke.

Ni kuma aikina a shagon fassara ne. Ba wanda ya naɗa ni, na ga gurbin ba kowa ne na zauna. Da waƙa ta fara, masu shan shayi a kan benci sai su juyo.

“Likitan shanu, me yake cewa?”

“Wannan? Akuyarsa ce ta shiga gonar surukinsa, yana roƙon a bar maganar a cikin gida.”

“To me ya sa matan ke amsawa da ƙarfi haka?”

“Dangin surukin ne. Ba su yarda ba.”

Taubashina ya ɗago daga kan keken ɗinki ya ce, “Kai da Faransancinka ma bai wuce sunan ciwon huhu ba.” In ce masa bawa ba ya sa baki in iyayen gidansa suna magana. A yi dariya, a juya faifai.

Faifai ɗaya ne ba a yarda in fassara ba. Tsoho muke ce masa. Ya zo cikin wani buhu daga Kano, ya fi sauran kauri, ya fi su nauyi, in ka jefi kura da shi sai dai a yi mata addu'a. In aka ɗora shi, sai an ɗan ji ƙara kamar ana suyar gyaɗa cikin yashi, sannan wata murya ta taso daga can ƙasa, mai kauri, a hankali, kamar dattijon da ya gama cin abinci yana ba da labarin da ba ya gaggawar ƙarewa. A bayansa wani abu yana numfashi, yana ja yana saki. Farar shadda taubashina ya ɗinka masa, har da ɗan aiki a baki. Shi yake sawa na ƙarshe kafin a tashi sallar magariba, kuma in Tsoho yana magana keke tsayawa yake yi, mai tari ma sai ya fita waje. Mahaifin taubashina ya rasu tun yana goye. Wata rana muna rufe shago ya ce mini, ba tare da ya dube ni ba, shi a ransa haka muryar mahaifinsa take. Ranar ban tsokane shi ba, kuma a rubuta mini ladan, don na sha wuya.

Shagon da keken ɗinkin duk na Baffa ne, wan mahaifinsa, wani dillalin shanu da ke zaune a Dungas. Baffa mutum ne da in ya yi gyaran murya kaji ke shiga akurki da rana tsaka. Ni kaina da nake kama bijimi da ƙaho, in zan gaishe shi sai na maimaita gaisuwar a hanya. Labari ya kai masa cewa ɗan ƙaninsa ya mai da shago gidan rawa, samari na taruwa, mata na waƙa cikin akwati. Abin ya zo daidai da rigar sallarsa da aka aika masa a makare, kuma hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Na san ranar da aka yanka rigar nan, mutanen Kuba ne ke kan garmaho.

Saƙo ya zo ta bakin wani mai kai shanu: ranar kasuwar Dungas mai zuwa a kawo masa akwatin da faya-fayan duka, kada a bar ko ɗaya. In kuwa an fi son su, to a ɗoro keken ɗinki a mota a maido masa.

Taubashina ya zauna a kan benci kamar an zare masa laka. Ya san Baffa, abin da duk ya shiga zaurensa da sunan hukunci ba ya fitowa. Ya dubi faya-fayansa jere cikin rigunansu ya ce, “A rijiya zai zuba su.”

Na ce, “Ba zai ɓata ruwansa ba. Tashi. Ai an gaya masa mata ne da rawa. Mu kai masa Tsoho. Dattijo in ya ji ɗan'uwansa dattijo, kunya za ta kama shi.”

“Ba ya jin yaren.”

“Ga ni.”

Ya dube ni ya ce, “Wallahi in ka sako akuya a ciki, ni da kai har lahira.”

Ran kasuwa muka hau kamiyon ƴan kasuwa, don mobilet ba ta iya ɗaukar wannan jama'a. Faya-fayai ba sa son rana, lanƙwashewa suke yi, saboda haka ya naɗe su cikin bargo, ya rufa jiƙaƙƙen buhu, ya kwanta a kansu kamar kaza. Hanyar Dungas kuwa yashi ne da Allah ya tara na duniya duka ya ce a ajiye masa a nan. Motar ta kafe, muka tura, ta kafe, muka tura; ni dai a ganina mu muka kai ta Dungas, amma mu aka karɓi kuɗin mota a hannunmu. Wata tsohuwa mai buhun kuɓewa ta tambaye shi ko mara lafiya ne a cikin bargon. Ya ce i. Ta yi masa addu'a har muka sauka.

Bayan azahar Baffa ya dawo daga kara, kasuwar shanu, ya zauna a kan buzunsa a zaure. Muka durƙusa muka gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Ya dubi tulin, ya miƙa sanda ya ɗaga gefen bargon, idonsa ya faɗa kan farar shaddar nan.

“Ashe nan sauran hannun rigata ya tafi.”

Na yi ta maza na ce, “Baffa, Allah ya ƙara girma, kafin a yanke hukunci a ji bakin mutum ɗaya daga cikinsu. Shi ne babbansu.”

Taubashina ya sa sababbin pil, ya zare Tsoho daga rigarsa, ya ɗora allura. Suyar gyaɗa ta fara, muryar ta taso ta cika zauren. Baffa ya lumshe ido. Na bari ta ɗan yi nisa sannan na matsa na rage murya.

“Yana cewa, ƴaƴana, duniya ba wurin zama ba ce. Ku riƙe zumunci. Yaro ya ji maganar manya.” Na saci kallon Baffa, ido a rufe. Na ƙara wuta. “Yana cewa, babba kuma ya yi haƙuri da yaro, musamman in maraya ne, musamman in mai sana'ar hannu ne.”

Taubashina ya mintsine ni a cinya har sai da na ga taurari.

Baffa ya buɗe ido ya ce, “Wane yare ne wannan?”

“Na mutanen bayan teku ne, Baffa. Can gaba da inda jirgi ke juyowa.”

“A lakwal aka koya maka?”

“A wurin shanu na tsinta, kaɗan-kaɗan.”

Ya ce a ɗaga allurar. Ya karɓi faifan, ya auna nauyinsa a tafin hannu, ya ƙwanƙwasa shi da farce, ya kai shi kusa da ido. Sai ya ce, lokacin yana saurayi, da kakar gyaɗa, ya yi aikin ɗaukar buhu a kantin wani Balarabe a Magariya, mai kantin yana da garmaho irin na da, mai hannu, kuma shi ake sa wa wanawa in baƙi sun zo. “Irin waɗannan masu nauyi na sani. Ba tafiya suke yi ba, gudu suke yi. Ku kun ɗaure masa ƙafa. Ina abin saurin?”

Taubashina ya nuna ɗan ƙarfen, ya ce, “Baffa, na ƙarshen ba ya shiga, an ce karyewa zai—”

Baffa ya mai da faifan kan garmaho, ya ɗora wa ƙarfen babban yatsansa, yatsan da ke buɗe bakin bijimi a duba haƙora. Muka ji ƙas. Faifan ya ɗauki gudu har hoton farar tabarmar zauren yana gilmawa a jikinsa. Ya saki allura da kansa.

Jama'a, mace ce. Yarinya ma, mai murya tas kamar an buga cokali a kofin gilashi, tana rangaji, tana ɗan dariya a tsakiyar baiti. Abin nan da ke numfashi a baya kamar tsohon sa, ashe wani abin busa ne mai tsalle-tsalle, ga tafi, ga wani yana buga ƙafa a katako. Waƙar da muke yi wa ladabi shekara da shekaru, muna hana mutane tari, ashe ta rawa ce, rawar ma irin wadda ake ɗage zane. Daga cikin gida muka ji an daina daka. Gwaggo, matar Baffa, ta leƙo ta ƙofar zaure da taɓarya a hannu ta ce, “Malam, baƙuwa muka yi ba a faɗa mini ba?”

Baffa ya juyo gare ni a hankali.

“To, mai yaren bayan teku. Ita kuma me take cewa?”

Na ce, “Baffa, ƴar tsohon ce. Ta ce ta ji nasihar, ta kuma gode.”

Na taɓa jin rugugin hadari a Guci da ya sa jakuna suka zauna, amma bai kai dariyar Baffa ba. Ya riƙe ciki, rawaninsa ya kwance, ya nuna ni da sanda ya kasa magana. Gwaggo ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta san yana da haƙoran ciki ba. Ni ma na saki jiki ina dariya, sai na waiga na ga taubashina bai yi ba. Yana durƙushe yana kallon faifan yana gudu, idonsa ya kawo ruwa. Da waƙar ta ƙare ya ce, da wata ƙaramar murya, “Baffa, a maido mini da shi yadda yake.”

Baffa ya tsaya da dariya. Ya ja ƙarfen baya, Allah ya taimaka bai karye ba, Tsoho ya dawo yana jan maganarsa. Baffa ya saurara, ya dubi ɗan ƙaninsa, ya ce, “Me kake ji a ciki?”

Ni na faɗa, don na san taubashina ba zai faɗa ba.

Baffa ya daɗe yana shafa gemu. Can ya ce, “Ubanka? Ubanka da in ya fara zance sai an kai masa abinci a baki sannan a samu a yi sallama? Ai muryarsa ta fi kusa da ta yarinyar. Surutunsa ya fi na wannan taubashin naka, ƙaryarsa ce dai ba ta kai ba.” Taubashina ya yi dariya da hawaye a fuska, ya goge da hannun riga.

Daga nan Baffa ya gyara zama ya ce a kawo sauran, ɗaya bayan ɗaya, tunda an ce hukunci ne ba ya yanke wa wanda bai ji bakinsa ba. Aka sa masu gogen nan ɗari, ya saurara ya ce, “Duk wa ke ciyar da su?” Aka sa na Kwango, ya ce a cire, amma na ga babban yatsan ƙafarsa bai ji umarnin ba. Aka sa wani da muke ajiyewa don dariya, mutumin da ke karya murya yana kai ta sama yana dawowa kamar mai shaƙuwa. Baffa ya ɗaga hannu ya ce kada wanda ya yi dariya, wannan makiyayi ne, shanu yake kira daga nesa, kuma ƙasarsu akwai duwatsu, ku ji yadda yake jiran muryar ta dawo. Ya sa aka maimaita. Na buɗe baki zan fassara, ya ce, “Kai, rufe. Wannan ni ke jin yarensa.” Mai tsirkiya ɗaya-ɗaya kuwa, Baffa ya tafi ya yi la'asar ya dawo ya tarar da shi bai kai rabi ba, ya ce mutum ne mai natsuwa, za a iya ba shi ajiya.

Da rana ta yi sanyi ya ce a naɗe su a mai da su Magariya, su da akwatinsu, keke kuma ya zauna inda yake. Sharaɗi ɗaya ya kafa: in almakashi na hannu, a kashe garmaho, in an hau keke, a sa abin da aka ga dama. Taubashina ya faɗi yana godiya, yana tattara jama'arsa cikin bargo. Ya miƙa hannu zai ɗauki Tsoho, sai sandar Baffa ta sauka a kan farar shaddar.

“Wannan a nan zai kwana.”

“Baffa, ai ba ka da garmaho.”

“Kai kana da shi. Hanyar ma ka gane ta yau.”

Haka aka yi. Faifan ya koma cikin akwatin Baffa, tare da rigunansa na salla. Duk bayan ƴan makonni sai mu goya garmaho a bayan mobilet, taubashina ya rungume shi, mu bi yashin nan muna faɗuwa muna tashi har Dungas. A sa faifan sau biyu, a hankali saboda shi, da gudu saboda Baffa, a tsakani kuma Baffa ya ba shi labarin mahaifinsa, yadda ya taɓa sayar wa mutum jaki ya bi shi har gida yana ba jakin haƙuri, da wasu da ban isa in rubuta ba. Rigimar da ba ta taɓa mutuwa ba ita ce wa za a fara sawa. Taubashina ya ce babba ake fara ji. Baffa ya ce a zaurensa shi ne babba, kuma yarinyar yake so. Gwaggo daga bayan ƙofa ta ce ta ji, za su gamu.